Sunan Yaya Kunuk

Naduk tawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai shure-shuren da ke cikinki. Yaya kumburin ƙafa? Abincin asibitin birnin Ilulissat har yanzu lami ne? Na ba matuƙin jirgin ruwa na kaya busasshen kifi ya kawo miki, in kin ga ya ragu to a bakinsa ya tsaya. Takarda na rubuto don maganar ba ta waya ba ce. Kin san Anaana, uwata, ko barci take kunnenta a buɗe yake.

Tun da likita ya ce namiji ne tsohuwar nan ta kasa zama. Ta fito da rigar fatar Yaya Kunuk ta shanya, wai sunansa za a sa wa yaron. Na ce, "Anaana, sunan mamaci ake ba jariri. Wa ya ga gawar Kunuk?" Ta ce, "Kai mai kai Turawa kallon ƙanƙara, yaushe ka girma har kake koya mini al'ada?"

Bayan abin ya faru kika shigo gidan nan, kuma ban taɓa zama na ba ki labarin sosai ba. Shekarar da teku ta ƙi daskarewa, karnukansa masu jan amalanke a kan ƙanƙara suka zauna a ɗaure, ba aiki ba abinci, har ya harbe su da hannunsa. Washegari ya jingine bindigarsa a ƙofar Anaana, ya hau tudun da ke gefen kogin ƙanƙara. Aka neme shi har aka gaji. Ba a faɗa a gabanmu, amma na san abin da ake cewa: ya zama qivittoq, wanda baƙin ciki ya kora cikin duwatsu, bai mutu ba kuma ya daina zama mutum.

To jiya na kai baƙi 'yan yawon buɗe ido wajen a jirgin ruwana. Irin na kullum ne: ƙaton kifin teku ya feso ruwa su yi ihu, ƙanƙara ta ɓalle su yi tafi, sai ka ce don su ta faɗo. A cikinsu akwai wata dattijuwa 'yar Japan mai kyamara doguwa kamar bututun murhu, tana ta ɗaukar barewa a kan tudun. Muna dawowa ta miƙo mini hoton, ta ce, "Wannan ne makiyayinsu?" Naduk, barewar daji wa ke kiwonta? Na duba. Mutum ne tsaye a tsakiyar garken, ko ɗaya ba ta guje shi ba. Fuskar ba ta fito ba, amma kafaɗar hagu a sauke take, yadda Kunuk ke tsayawa tun da amalanken karnuka ya kife da shi. Na ce mata dutse ne. Ta ce, "To, a hoto na gaba dutsen ya juyo."

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. In yana raye, suna ɗaya ba ya riƙe jiki biyu. Wannan ya ja, wancan ya ja, kuma jariri ina ya ga ƙarfin ja da Kunuk? Don Allah ko Anaana ta kira ki, kada ki amsa mata komai kan suna.

Ki ci abinci, ki daina hawa bene.

Mijinki,
Pavia

*

Naduk,

Ina gaishe ki. Saƙonki ya iso, na ji daɗi da aka ce kan yaron ya juya ƙasa. Yaya ciwon bayan? Kin ce kada in je ni kaɗai. Ki yi haƙuri, kafin saƙon ya zo na riga na je.

Na ɗaure jirgi na hau tudun. Wurin ya canza. Inda muke taka ƙanƙara muna yara yanzu taɓo ne da tsakuwa, ita kuwa ta ja da baya can, ta yi baƙi-baƙi. Ba tsuntsu, ba iska. Sai ruwa da ke gudu a ƙarƙashinta, kamar mutane na hira a bayan bango. Na sami inda barewa suka kwanta, ciyawa duk a danne. A tsakiya akwai wani kwanci dogo, siriri, wanda ba na dabba ba. Na sa tafin hannu, na ji ɗumi. Ƙila rana ce. Har yanzu haka nake gaya wa kaina.

Na miƙe na ce, "Yaya!" Na ƙara ɗaga murya na ce, "Yaya Kunuk, ni ne Pavia! Matata ta kusa haihuwa!" Sai ƙanƙarar ta yi wata irin ƙara daga ciki, har ƙafata ta ji. Ƙato da ni, Naduk, da gudu na sauko, na faɗi na yage wandon nan da kika ɗinke mini.

Na kasa riƙewa, na gaya wa Anaana. Tana yankan kifi, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sai yanzu ka gan shi? Ni duk shekara in ƙanƙara ta narke ina hango shi daga inda nake shanya." Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Ashe kin san yana raye kike neman ki jefa mini ɗa a ciki?"

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Raye? Wannan kake kira rayuwa? Ɗana ya gaji, Pavia. Sunan nan ne kaɗai ya hana shi kwanciya, don babu wanda ya karɓe masa. Ku karɓa ya huta." Na ce, "In yaron ne ya kasa fa?" Ta ce, "Kunuk bai taɓa ƙwace abu a hannun yaro ba." Sai ta fashe da kuka. Ko ranar da aka daina nemansa ba ta yi ba.

Na rasa inda zan sa kaina. Ina tausayin uwata, ina tausayin yayana, amma ɗana nake ji wa tsoro fiye da su duka. Ke kika ɗauki cikin nan. Abin da kika yanke, shi ke nan.

Naki,
Pavia

*

Naduk, uwar ɗana,

Barka, barka! Allah ya raya, ya ba ki lafiya. Yaya jikin? Kina samun barci kuwa?

A waya na kasa magana, shi ya sa na sake rubutowa. Da kika ce ya ƙi nono, yana ta tsala ihu har murya ta dishe, kin raɗa masa sunan babanki ya ƙi, na kakana ya ƙi, na san inda kika nufa. Kika ce, "Pavia, na ce masa Kunuk, ya yi shiru." Wallahi na buɗe baki zan yi faɗa. Sai na jiyo shi ta cikin wayar yana haɗiya, ƙut, ƙut, kamar ana korarsa.

Washegari na kai wasu baƙin. Na ari madubin hangen nesa na wani, na bi tudun nan ƙasa da sama. Barewa suna nan. Da suka ji ƙarar inji suka watse da gudu, yadda na daji ke yi. Babu kowa a tsakiyarsu. Ƙanƙara ta ɓalle, baƙi suna tafi, ni hawaye na zuba. Wani ya ce lafiya, na ce iska ce. Shekara da shekaru ina cewa ba a ga gawa ba, amma ranar nan na san yayana ya rasu.

Anaana ta dafa kofi ta gayyaci gari duka. Mutane suna shigowa su tsaya a ƙofa, sun rasa ko barka za su yi ko ta'aziyya. Kowanne aka yi mata amsawa take.

Ni dai hankalina bai gama kwanciya ba. Ki sa a dinga auna shi, ki gaya mini gaskiya ko yana ƙaruwa, kada ki rufe ni. Ki duba mini kafaɗarsa ta hagu kuma, ko da yake na san shirme ne.

Ranar da za a sallame ku ba jirgin kaya za ku hau ba, da kaina zan zo. Ki ce wa Yaya Kunuk da ke kwance a hannunki ƙaninsa yana gaishe shi, kuma sannu da hanya.

Mijinki har kullum,
Pavia