Gaisuwa a Gangara

Asabar da dare, Oktoba 1996

Gwiwata har yanzu zugi take. Yau na ja Malam Sani hawan keke a dajin Summerfield, nan ƙasar Turawa, don tun rasuwar babansa ya daina fita. Muna cikin gangara, hanya siririya, ya hango wani dattijon Bature da sanda. Kawai ya ja birki ya diro zai gaishe shi, kamar a Katsina! Na afka wa Malam ta baya, muka zube.

Na taso da masifa: "Haba Malam, nan wa ke sauka don gaisuwa?"

Yana kakkaɓe wando ya ce, "Yi haƙuri, Bashir. Baba ya hana ni wuce furfura a kan keke."

Gobe ma za mu koma, amma zan ba shi rata.