Kaset ɗin Yaya Mamman

Daren Laraba, bayan yankan gero.

Tun shekarar da jirgin ƙasa ya daina shigowa Kaura nake ajiye da kaset ɗin Yaya Mamman, wanda aka ɗauka ranar gayya a Dauran, yana waƙa yana kiran manoma da sunayensu. Shi da su duk sun rasu. Yanzu rikodata ta mutu, kuma babu mai gyara.

Yau na je wurin mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa, don an ce babu waƙar da ba ta cikin waya. Ya yi ta latse-latse, ya ce, "Baba, wagga ba ta ciki. Wa ma ya san shi?" Na ce Dauran duka ta san shi. Ya yi dariya, ya nuna mini wata waya da ta fi buhun gero biyu tsada. In saya in saurari wa?

Ɗazu na gwada jero sunayen da ka, uku suka ɓace mini. Ko tuwo ban iya ci ba.

Gobe da sassafe zan koma wurin mai tura waƙoƙin in rera masa waƙar da bakina ya ɗauka, kafin na huɗu ya ɓace.