Minti Biyar Sun Ƙare Nafisa Ba Ta Buɗe Robar Daddawa Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Gabatar da Sana'a ta Ɗaliban Kwaleji, da malaman da suka yi alƙalanci tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun wannan takarda a kan aikin da ya riga ya yi maka yawa. Kai ƙara ba halina ba ne, balle a bainar jama'a. Sau biyu na zo ofishinka, Talata da Alhamis, na zauna a bencin waje har aka kira la'asar, masinja yana ce mini kana mitin. Ban ce ƙarya ya yi ba. Amma kwanakin da suka rage kaɗan ne, shi ya sa na nemi izinin maigidana na biyo ta wannan buɗaɗɗiyar takarda. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali.

Ni ce mahaifiyar Nafisa, ɗalibar ajin ƙarshe da ta shiga gasarku da garin daddawa. Daddawar waken suya ita ce sana'ata a nan Funtuwa tun kafin a haife ta. Nafisa ce ta lura cewa matan ma'aikata suna son daddawa a miya amma ba sa son warinta a jaka. Sai ta riƙa busar da ita sosai, ta niƙe, ta tankaɗe, ta zuba a ƙananan robobi masu murfi. Tun farkon damina take shirin gasar nan. Ta ari kwamfuta, ta ɗauki hoton kowane mataki, daga dahuwar wake har ranar da ake buɗe kwandon da aka rufe shi a ciki ya zama daddawa. Ta haddace jawabinta na Turanci tana maimaita shi a tsakar gida har ƙannenta suka iya. Abin da take hange shi ne kyautar da kuka sa, na'urar busarwa.

Ga abin da ya kawo ni.

Na farko, agogo. Takardar ƙa'idojinku ta ce kowane ɗalibi yana da minti biyar. Nafisa ta karanta mini ita, ta fassara mini layi-layi, kuma babu inda aka faɗi lokacin da ake fara ƙirgawa. Ina zaune a kujerun baya tare da iyaye ranar. Da aka kira sunanta ta hau, ta rusuna, ta yi sallama, ta jira aka amsa. Ta gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ku huɗu, kowa da laƙabinsa. Ta gode wa malamin da ya duba mata aiki. A gida ba ta taɓa sa wannan cikin lissafin minti biyar ba, don a wurinmu gaisuwa ba ta cikin magana, ƙofar magana ce. Ashe tun da ƙafarta ta taka dandamali aka danna agogo.

Na biyu, kuma wannan shi ne ya fi tsaya mini a rai, don da hannuna a ciki. Garin nan yana da aibi guda. Idan marka ta zauna, ba rana, yakan ja danshi ya dunƙule. Mun gani da idonmu a daminar bana. Da Nafisa take tsara hotunanta, ta sa maganar aibin a can ƙarshe. Ni na ce ta dawo da ita gaba. Abin da aka karantar da mu a makarantar allo da ta Islamiyya ke nan: mai sayarwa ya fara bayyana aibin kayansa kafin ya yabe su, in ba haka ba albarka ta fita daga cinikin. Haka nake yi da masu sarin daddawata na Dandume, in ta yi gishiri sai na faɗa kafin su ɗauka. Yarinyar ta bi maganata.

To, ranka ya daɗe, ka ga abin da kuka ji daga bakinta: gaisuwa, da bayanin yadda kayanta ke lalacewa. Tana cikin juyawa zuwa hoton da ke nuna cewa na'urar busarwar nan ita ce maganin danshin, ƙararrawa ta buga. Aka kashe majigi. Robobi shida da ta jera a tire don ku ɗanɗana, ko ɗaya ba a buɗe ba. Ta sake rusunawa, ta yi godiya, ta ɗauki tirenta ta sauko. Da ni ce alƙali, na ji abin da kuka ji, ni ma ba zan zaɓe ta ba. Wannan na yarda.

Na uku, takardar maki. Bayan an tashi, ƙawarta Ngozi, 'yar mai shagon kayan babur da ke kusa da tasha, ta nuna mana irin takardar da kuke cikewa. Yarinya ce mai kirki, a nan aka haife ta, ta haye zagaye na biyu kuma ta cancanta, ba ni da ƙorafi a kanta ko kaɗan. A takardar akwai maki na kallon alƙalai ido cikin ido, akwai na ɗaga murya, akwai na abin da kuka kira nuna yarda da kai. Shekara ashirin da biyu ina hana Nafisa ɗaga ido ta kalli babba. Kai ma, ranka ya daɗe, ina kyautata zaton haka aka tarbiyyantar da kai, kuma ban tsammanin 'yarka tana tsare ka da ido in kana mata magana. Ban ce ƙa'idar ba ta da dalili ba, wataƙila haka kasuwar yanzu take so. Amma babu ita a takardar da aka ba ɗalibai.

Ngozi ta ce an yi bita, an faɗa musu duk wannan, har da cewa a taƙaita gaisuwa. An yi ta ne cikin hutu, aka ba da sanarwa ta waya ana gobe za a yi. Nafisa tana ƙauye wajen Maska, muna taya ƙanena cirar wake, inda sai an hau tudu waya ke kamawa. Saƙon ya shigo bayan kwana uku. Ba ita kaɗai ba ce. Duk ɗalibin da gidansu noma ake yi, kowa ya san inda yake a wannan lokaci na kaka. Waɗanda suka samu bitar 'yan cikin gari ne.

Na san an riga an liƙa sunayen waɗanda suka haye, na gani a allo ranar da na zo. Na san Asabar mai zuwa za a yi zagaye na biyu. Na kuma san Nafisa tana ajin ƙarshe, ƙa'idarku ta ce wanda ya gama ba ya shiga, don haka babu baɗi a wurinta. Ba na yaudarar kaina cewa takardar mai daddawa za ta sa a cire suna a sa wani, kuma ba na so a cire ɗan kowa. Abin da Allah bai rubuta wa mutum ba, ba zai ci ba.

Sai dai ina ganin abin da ke faruwa a gidana. Robobin nan shida suna nan a kan tiren, a bayan ƙofar ɗakinta, ba ta taɓa su ba. Da na jiƙa wake shekaranjiya ba ta fito ba, ita da ba ta bari in ɗora tukunya ni kaɗai. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba ta taɓa yi ba. Tambaya ɗaya kawai ta yi mini, muna tsince wake washegarin gasar: ta ce shin da ta ɓoye aibin, ta kuma tsallake gaisuwar, da yanzu sunanta yana allo? In na ce a'a, ina tsoron na yi ƙarya. In na ce e, na rushe abin da na gina da hannuna.

Roƙona uku ne, kuma ko ɗaya aka yi na gode.

A ba Nafisa minti biyar ranar Asabar, ba don kyauta ba, ko bayan an gama komai ne, ko a ofis. Ta ƙarasa jawabinta, wani daga cikinku ya buɗe roba ɗaya ya shinshina.

A rubuta a takardar ƙa'idoji ta baɗi cewa gaisuwa tana cikin lokaci, a kuma haɗa takardar maki a ba kowa tun farko. In za a yi bita, a duba lokacin kaka.

Na ƙarshe, ku malamai ne, kun san kasuwancin zamani, ni ban sani ba. Ku faɗa mini a fili ko faɗin aibin kaya kuskure ne a wurinku. Nafisa tana da ƙanwa, Hindatu, da ke son shiga kwalejinku, kuma tarbiyya ɗaya nake ba su. Ina so in san abin da nake tura ta da shi.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama aiki lafiya, Ya shirya maka zuri'a. Waɗanda suka haye, Allah Ya sa musu albarka a sana'arsu. In na faɗi abin da ba daidai ba a kan wani, ina neman yafiya.

Na ce wa Nafisa ta ba ni kwana kaɗan kafin in amsa tambayarta. Ta ce to. Don Allah a ba ni amsa kafin Asabar. Masinjanka ya san gidanmu, matarsa tana sayen daddawa a wurina.

Wassalam.

Rabi'atu, mahaifiyar Nafisa,
Funtuwa.