Kira Uku Daga Kan Dutse

Zuwa ga Malamina,

Ga sallama, ko da yake ba mai amsawa. Na san takardar nan ba za ta je hannunka ba. A bayan wani littafina nake rubuta ta, kuma a nan za ta zauna. Allah Ya kai haske kabarinka.

Gida lafiya. Saura kwana tara in fita takaba. An samu ruwa, geron Inna na gonarta ta Kanya Babba ya fitar da kai. Buba, abokinka na hawan dutse, ya kawo nono, ya tsaya a zaure yana ba mutane labarin ranar da kuka bi ta wata tsaga da hannu da ƙafa, kana ta dariya. Ta taga nake jiyo shi. Ni ban san wannan dariyar ba. Don me shi ya san ta?

Bari in faɗa maka abin da na ɓoye. Na tsani duwatsun nan. Wata biyar da aurenmu ka ci alwashin sai ka hau duk dutsen da ke da suna, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, kafin shekara ta zagayo. Duk Asabar da asuba ka ɗaura kambas, ka rataya gorar ruwa da ƙullin dabino. Ka dawo da la'asar, tafin hannunka a saɓule, ka buɗe littafinka ka ja layi a kan suna ɗaya, fuskarka tana haske. Na yi lalle, na yi kitso, na turara ɗaki, ban taɓa samun wannan fuskar ba. Dutse fa, Malam! Abin da ko sannu da zuwa ba ya cewa.

A littattafan da nake karantawa, in mace ta yi fushi ba ta ɗaga waya. Sai namiji ya bar komai ya taho yana lallashi. Na ɗauka haka ake yi. Kai kuma da ka kai ƙololuwa sai ka kira ni, wai can sabis ya fi ƙarfi. Sai na fara barin wayar tana ruri.

Ranar ƙarshe sau uku ka kira daga wani dutse a bayan Roni. Ina zaune a tabarma, wayar a cinyata, ina kallon sunanka, har murmushi nake yi. Da ban ɗaga ba ka kira yayarka, Yaya Rabi. A hanyar dawowa mota ta bugi babur ɗinka. Dutsen bai yi maka komai ba, lafiya ya sauke ka. Ko laifin da zan ɗora masa bai bar mini ba.

Minti huɗu kuka yi da ita. Rabona ne, ita ta samu. A zaman makoki duk wanda ya shigo sai ta faɗa masa ita ce ta ji muryarka ƙarshe, ni kuma ina cikin hijabi ina ji kamar in toshe mata baki. Allah Ya yafe mini. Wata huɗu na kasa tambayarta ko ka ambace ni. In ta ce a'a fa? In ta ce ƙarata ka kai fa?

Jiya ta kawo mini tuwo, na daure na tambaya. Ta ce haki kake yi, iska tana cinye rabin maganarka. Ka tambayi jikin Inna. Sannan ka ce ka ga wani abu a can sama. Ta nemi ta ji, ka ce ba nata ba ne, na Bilki ne, sai ka zo gida ka faɗa mini da bakinka. Wai ta yi shiru ne don kada ta fama mini ciwo.

Mene ne, Malam? Buba bai sani ba, ranar yana kasuwa. Fure ne? Tsuntsu? Ko rufin gidanmu ka hango? Yanzu dutsen nan kaɗai ya sani, yana zaune a can da abina.

Na aika wa Buba, in na fita takaba shi da matarsa su raka ni dutsen. Inna tana tsoron abin da mutane za su ce. Su ce. Zan hau ko da rarrafe. In na kai sama zan duba gabas, in duba yamma, in zaɓi abin da ya fi komai kyau, in ce shi ne nawa. In na yi kuskure ka yi haƙuri, ba ni da wanda zan tambaya.

Sai mun haɗu inda ba a rabuwa.

Matarka,
Bilki