Feshin Rana Ya Kashe Mini Amya Huɗu

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Feshin Gonaki na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, Alhaji, tare da fatan iyali suna lafiya.

Ni uwa ce mai yara biyar a wani ƙauye na Nariya. Maigidana ya rasu ya bar mana amya shida a kan ɗorawar gonarmu. Zumarsu nake ba yara in tari ya kama su, ita nake shafa musu a ƙuna, ragowar kuma in aika kasuwar Rano.

Na farko. Ranar Talatar da ta wuce wani ɗan ƙungiyarku ya yi wa maƙwabcinmu feshin wake da rana tsaka, wake yana tsakiyar huda, ƙudan zuma sun cika gonar. Da ya gama, sai ya ɗauraye tankinsa a kaskon ruwan da nake ajiye wa ƙudan a gindin bishiya. Kashegari da tsintsiya na share gawarsu. Amya huɗu sun yi shiru.

Na biyu. Na je na sami mai feshin. Magidanci ne da furfura a gemu, amma ya ce mini shi ƙwari aka biya shi ya kashe, bai ga lamba a bayan nawa ba. Alhaji, ku koya wa mutanenku abin da muka karanta tun a sakandare: ƙudan nan su ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, har kabewa da kankana su ƙulla 'ya'ya. Mai kashe su abincin gidansa yake ragewa.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Saƙar da na kwaso daga amya huɗun nan cike take da zuma, amma ina tsoron gubar feshin ta shiga cikinta. Har da mai ba ni shawara in tace in sayar, wai wa zai sani? Allah zai sani. Masu jego da tsofaffi ne ke sayen zumata. Abin da ban yarda in sa a bakin ɗana ba, ba zan sa a bakin ɗan wata ba. Rami na haƙa na binne ta, yarana suna kallo.

Ba diyya nake nema ba. Ina roƙon ku mayar da feshi yamma lis, bayan ƙudan sun koma. Ku hana wanke tanki inda dabba ko ƙwaro ke shan ruwa. Ku kuma riƙa sanar da masu amya tun ana gobe feshi.

An ce mako mai zuwa za a sake fesa waken nan. Amya biyu suka rage mana. Na tanadi tsumman da zan toshe bakinsu, ranar kawai nake so a faɗa mini.

Allah Ya ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka, Ya shirya mabiyanka.

Wassalam.

Malama Hajara, Nariya, Kibiya