Waya ta Bakwai a Ɗakin Taron Mata

Illela, 9 ga Afrilu, 2007

Zuwa ga yayana Sumaila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Zulai da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a sana'arka can Kwatano. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya matsa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta taka zuwa kasuwa da kanta, kuma Hashimu ya dawo daga Tajaye da awakin duka.

Na rubuto ne saboda maganar ba ta gidan tarho ba ce, inda kowa ke kasa kunne. Wata ƙungiyar agaji ta kawo wa ƙungiyarmu ta mata majigi da allo da odinata, wato kwamfuta, da akwatin sauti da lasifika biyu da makirfo. Mukan kalli fim kan lafiyar ciki da haihuwa, daga nan kowace ta karɓi makirfo ta faɗi abin da ke damunta, tunda mu kaɗai ne. Dogo, mijin Fadilarmu, shi aka ba aikin haɗa kayan, kuma ni na kai sunansa. Ranar haɗin na tsaya a kansa don ni zan riƙa kunnawa. Ya nuna mini wayoyin: mai kauri mai shuɗin kai da ke zuwa majigi, ja da fara zuwa akwatin sauti, biyu zuwa lasifiku, da ƴar siririya mai saukar da allo. Shida ke nan, ban da na kuran, wato na wutar lantarki, na rubuta su a littafina.

Bayan mako biyu ina shara sai na ga ta bakwai. Baƙa ce, ta fito daga bayan akwatin sautin, ta bi ƙarƙashin tabarma, an ɗaure ta jikin bango da ƙananan ƙusoshi, ta shige wani sabon rami kusa da taga. Bayan bangon nan kuwa buro ne, ofishin Tanimun, mutumin da masu agajin suka ɗora kan kayan. Da na tambayi Dogo, ya ce ta ƙasa ce, don kada kuran ya ja mutum. Yaya, na sha zama kusa da kai kana aikin lantarki, kuma iyakar sanina ta ƙasa ƙarfe ake kafa mata a ƙasa, ba ta shiga ɗakin kowa. Yana ba ni amsa yana kallon takalminsa.

Da na bar zancen, ba don abin da ya samu A'i matar mai gyaran amalanke ba. A taronmu ta karɓi makirfo ta faɗa mana wata larura da ta daɗe tana ɓoyewa. Kwana uku ba su cika ba mijinta ya tare ta da maganar, kalma bayan kalma, har da inda ta tsaya ta yi kuka. Yanzu matan suna zargin juna. Mu arba'in ne da, ran Laraba goma sha ɗaya suka zo, wasu ma ni suke yi wa wani irin kallo.

Ran Alhamis na kulle ƙofa na zare wayar, na kunna komai. Hoto ya fito, sauti ya fito, allo ya sauka, babu abin da ya ja ni. Ban faɗa wa kowa ba, makulli kuma yana ɗaure a bakin zanena. Amma Juma'a da hantsi sai ga Dogo a gidana. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, “Wa ya taɓa wayoyin nan?” Na ce, “Kai wa ya gaya maka an taɓa?” Ya ce zato kawai ya yi, ya tashi ya bar furar da na dama masa.

Ga zanen bayan akwatin na sa cikin takardar, na kwafe haruffan da ke saman ramin da wayar take. Don Allah ka duba ka faɗa mini aikinta, kada ka sassauta don surukinmu ne. Wataƙila umarni aka ba shi, wataƙila ni ce ban gane ba, ina roƙon Allah ya sa haka ne. Fadila cikinta wata bakwai, ban gaya mata ba, ban gaya wa Inna ba. Kafin in ji daga gare ka, taronmu babu makirfo, baki da baki za mu yi.

Amsar kuma ka ba Alhasan direba ya kawo mini hannu da hannu. Kada ka aiko ta hannun Dogo kamar yadda ka saba.

Ka gaishe da Zulai da Kamalu da Ummul Khairi. Inna da Hashimu suna gaishe ka. Fadila ma ta ce in gaishe ka, tana tambaya ko za ka zo suna.

Taka ƙanwa,
Rahinatu