Man Shanun Innar Hajara

Laraba da dare, Maigatari

Shekaranjiya na koya wa ɗalibaina cewa ɗanyar ciyawar damina ce ke sa man shanu ya yi rawaya. Daɗin darasi ya kwashe ni, har na ce in ya yi rawaya da rani, kalar abinci ce ake zubawa. Na manta mahaifiyar ɗalibata Hajara man shanu take sayarwa. Yara suka kai maganar gida.

Yau Innar Hajara ta zo makaranta da kwalbar man shanu. "Malama, ɗanɗana. Tun damina na soya shi na adana. Gida uku sun daina saye."

Na ɗanɗana, na kasa kallon idonta. Zan gyara maganata a aji da safe, amma gobe kasuwa, kuma masu sayen ba ɗalibaina ba ne.